Jan Zani a Igiyar Bene

"Wace marar hankali ce ta shanya jan zani?!"

Ni ce. Hannuna duk kumfar sabulu na ji ihun Baba.

Tun da yaƙin basasa ya raba garinmu biyu, aka karya gada, unguwa ta tsayar da magana: mu ke da bene, in mun hango mayaƙa sai mu rataya jan ƙyalle a igiya, kowa ya ruga babban ramin da aka haƙa a bayan makaranta. Ni kuwa soyayya ta kwashe min hankali. Tela ne ya ɗinka min zanin, na wanke, na shanya a igiyar benen, har da 'yar waƙata.

Tela ɗan tsallaken kogi ne, yaƙi ya rutsa da shi a wajenmu, daga shi sai keken ɗinkinsa. Shi ya sa Baba ya hana shi ni. Shugaban 'yan sintiri kuwa, da ya daɗe yana min naci, kullum sai ya zuga Baba.

"Ɗan tsallake fa, Baba! Ranar gudu zai watsar da ita."

Ni da Baba muka haye sama a guje, amma bakin alƙalami ya bushe. Unguwa ta hargitse! Wa ke kan gaba? Shugaban sintiri, ya yar da bindiga, takalmi ƙafa ɗaya, yana ture tsofaffi.

Mutum ɗaya ne ke kutsowa ta inda kowa ke gudu.

Muna saukowa Tela ya faɗo gidan yana haki, almakashi a hannu.

"Ina take? Baba, ina take?!"

"Ga ta nan. Almakashin fa na mene ne?"

"Shi kaɗai gare ni, Baba..."

Hawaye suka zubo min. Wallahi ban taɓa sonsa kamar lokacin ba.

"Sanyin idona, biyo ni!"

Kafin in buɗe baki ya shige ɗakin Kaka, wadda ƙafa ta hana tafiya, ya goyo ta.

"Tela... ba kowa. Zanina ne. Wanki na yi."

Ya tsaya cak, ya dubi igiya, ya dube ni.

"Wanki?"

Kaka ta ƙara ƙanƙame wuyansa. "Kada ka sauke ni, angona! In sun hana ka wannan sakarar, ni ina ciki."

Baba ya yi ta cije dariya har ta ƙwace masa. Da ya share ido sai ya ɗaga hannuwa biyu.

"Auna ni, ɗana. Ba na ɗaura auren 'yata da tsohuwar riga."

Shuɗi na sa ranar aurenmu, bisa umarnin unguwa. Yaƙi ya ƙare, an gyara gada, jan zanin yana ƙasan akwatina.

Har yau ban sake wanke shi ba.