Wa Zai Ɗaga Wa Litara Tabarma

"Litara, fito. Nan ba wurinki ba ne."

Ko motsi ba ta yi ba. Tana durƙushe a jiƙaƙƙiyar ciyawar ƙofar gidan Goggo Fuatino, tabarmar alfarma ta gidansu ta lulluɓe ta ruf. Babanta ya kamata ya shiga ƙarƙashi, shi ne babban gida, amma yana sauko da ita daga mota ta riga shi.

"Ki fito na ce, jama'a na kallo."

"Su kalla, Baba... Bakina ne ya karya masa hannu."

 Baba ya zauna gefenta ya sunkuyar da kai, yayanta Mikaele ma haka.

Mu mutanen Samowa ko a nan birnin Auckland, nesa da gida, ba mu bar wannan al'ada ba. In ka yi wa wani gida babban laifi, da asuba za ka zo ka rufe kanka a ƙofarsu, kuma ba kai za ka buɗe ba. In sun yafe su ɗaga. In sun ƙi, ka sha rana.

Penaia dai bara ya zo daga tsibirin Savai'i na Samowa, ya sauka a garejin goggonsa Fuatino tare da wasu samarin. Duk jirgin da ya sauka sai ya zubo mutane, unguwar Mangere ta cika ta batse, ko ɗaukar kwali a sito sai ka bi layi. Mikaele, haifaffen garin, ya nema bai samu ba. Penaia ya samu. Shi ke nan, gidansu Litara ba su da hira sai ta 'yan sabon zuwa masu cinye wa mutane aiki.

Ita kuwa a ƙungiyar mawaƙan coci ta gan shi, zuciyarta ta tafi ba sallama. Kullum ya tashi aiki sai ya jira ta a tashar bas.

"Tauraruwata, yaushe za ki kai ni gaban Baba?"

"Ka ƙara haƙuri, masoyi..."

Haƙurin nan ne Sieni ta yi wa ƙafar ungulu. 'Yar ƙanin Baba ce, ta yi ta yi wa Penaia fari da ido bai ko kula ta ba. Ranar Lahadi an dawo coci, dangi sun cika falo ana cin gwaza da kifi, sai ta miƙa wa Baba wayarta. Hoton su biyu ne a tashar, hannunsa cikin nata.

"Litara, wane ne wannan?" in ji Baba.

Ido ya yi mata caa. Wani ya ce ai ɗan gareji ne, aka kwashe da dariya.

"Ni ban san shi ba," in ji ta. "Bina yake yi."

Kai, wannan magana ta yi muni. Mikaele da ma neman dalili yake. Washegari ya tare Penaia a bayan sito, ya karya masa hannun dama.

Yanzu ga shi hantsi ya ɗaga, tabarmar ta ɗauki zafi, gumi da hawaye sun haɗe mata a haɓa. Tana jin masu wucewa suna rage tafiya. Ji take da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Ƙofa ta buɗe.

"Ashe kun san hanyar gidan 'yan gareji," in ji Goggo Fuatino.

"Mun zo da kunyarmu, Fuatino," Baba ya amsa a hankali.

"Waye a ƙarƙashin?"

"'Yata ce."



"To ba ni zan ɗaga ba. Mai hannun ya fito."

Ta ƙasan tabarmar Litara ta hango silifas ɗin Penaia sun tsaya daf da gwiwarta. 

"Penaia..."

"Sun ba wani aikin," ya ce. "Ko yini ba a yi ba aka cike gurbina. Innata a gida har yau ba ta sani ba."

"Ka yafe min."

"Hannu zai warke, Litara. Aiki ma wataƙila. Abin da ya tsaya min a rai, cewa kika yi ba ki san ni ba."

Kuka ya ƙwace mata.

"Tsoro na ji... kunyarsu na ji..."

"Kunyata kika ji, kunyar a ce kina son ɗan gareji. Faɗi gaskiya."

"Eh. Kunyarka na ji," in ji ta. "Yau kuma kunyar kaina nake ji, kuma ta fi ciwo."

"Yanzu kin san ni?"

Ta ɗaga murya yadda har na bakin titi za su ji.

"Na san shi! Penaia ne, a gareji yake kwana. Bai taɓa bina ba, ni na fara yi masa magana. Baba, ni na fara cewa ina son shi, kuma har gobe ina son shi."

Baba ya runtse ido.

"Ba ni da aiki, ba ni da ɗaki," in ji Penaia.

"Mu bi layin tare."

"Ke da ko layin bas ba kya iya jira?"

Dariya ta kusa suɓuce mata a tsakiyar kuka.

Ya juya wajen Baba. "Baba, in na warke zan zo da manyana. Za a buɗe mana ƙofa?"

"Ni da nake zaune a ciyawarku, ɗana, wace ƙofa zan rufe?"

Penaia ya sunkuya ya kama gefen tabarmar da hagu. Faɗi gare ta, ga tsufa, ba a jan irinta a ƙasa. Ya ɗaga, ɗaya gefen ya zame. Ya sake, ta sake zamewa.

Sai ya dubi wanda tun zuwansu bai ɗago kai ba.

"Mikaele, taso. Kai ka karya na daman, zo ka kama min."

Mikaele ya miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe, ya kama ɗaya gefen. Suka ɗaga tare.

Iska ta bugi fuskar Litara, amma ta kasa ɗago ido. Farin bandejin kawai take kallo.

"Tashi, tauraruwata," ya ce. "Ba ni da hannun da zan ɗago ki."