Kulocin da Bakanike Ya Ƙi Ɗaurewa

A wani zamani, a wani gari na gindin dutse, an yi wani bakanike da ƙaninsa, direban tsohuwar motar kaya. Wata safiya ƙanin ya zo, mota cike da tumatirin manoma.

"Yaya, kuloci yana zamewa. Ɗan ɗaure mini in kai kasuwa."

Bakanike ya shiga ƙarƙashin mota ya duba, ya ce, "Ba ɗauri yake so ba. Faifan kulocin ya cinye, motar ba za ta hau dutse ba."

"Yaya, ɗan ɗaure mini."

"Ba zan ɗaure ba."

"Ko don darajar mahaifiyarmu?"

"Don darajarta ne ba zan ɗaure ba."

Ƙanin ya fita cikin fushi, wani bakanike daban ya ɗaure masa. A tsakiyar hawan dutse mota ta yi ta gurnani, ta ƙi gaba. Tumatir ya ruɓe a rana, manoma suka yi kuka.

Da labari ya iso, bakanike ya bi sawun ƙaninsa, sai mota kawai ya tarar. Kunya ta kori ƙanin, bai sake dawowa gari ba. Har bakanike ya tsufa, in ya ji ƙarar babbar mota, sai ya fito ya duba hanya.