Bayan Sulken Sarkin Taurari

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce mutum ya mutu a gidan talabijin. Sufeto na tsakiyar cin abinci. Ya ture kwanon, ya ce wa Sajan ya fito da mota.

Zauren ɗaukar shirin babba ne, ba taga ko ɗaya, fitilu a sama, wayoyin lantarki birjik a ƙasa, ga zafi kamar gidan burodi. A tsakiya sulken yake tsaye.

Duk mai talabijin ya san shi. Shekara tara ana nuna shirin Sarkin Taurari, wani azzalumi daga wata duniya wanda ba a taɓa ganin jikinsa ba sai wannan sulke: ƙaton tulun ƙarfe mai ruwan zinariya, ya fi mutum tsawo, jikinsa duk ƙananan ƙusoshi, da ido ɗaya mai haske. Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne akwai ɗan Adam a ciki. Guntu ake ce masa, gajartar ce ma ta sama masa aikin. Yana zama kan ɗan benci, yana tura tayoyi da ƙafa, yana juya kan da hannu.

Yanzu ga Guntu kwance a ƙasa an rufe shi da labule. Sufeto ya ɗaga. Rigarsa sharkaf da gumi, leɓɓansa sun yi baƙi, gaɓoɓin yatsunsa duk sun fashe.

"Wa ke da alhakin wurin nan?"

Wani dogo mai hular hana sallah ya matso. "Ni ne darakta, ranka ya daɗe."

"Ta ina ake shiga abin nan?"

"Kan ake cirewa. In ya shiga a mayar, a ɗaure da noti takwas daga waje. Ba ya buɗuwa ta ciki."

"In yana son fita fa?"

"Akwai feda a ƙarƙashin ƙafarsa. In ya taka, wata 'yar jar fitila na kamawa a bayan sulken. Matarsa ke riƙe da sifana, aikinta ke nan, ta zuba wa fitilar ido."

"Minti nawa ya yi a ciki?"

"Ashirin. Bai fi ba." Darakta ya rage murya. "Ba na son in ɗauki alhakin kowa, amma waya take ta latsawa. Kuma da safe kowa ya ji suna cacar baki."

Matar na durƙushe a gefen gawar, sifanar har yanzu a hannunta. Can jikin bango wani tsoho na zaune kan gwangwanin fenti, ya haɗa kai da gwiwa.

"Wancan fa?"

"Baba Maƙeri ne. Shi ya ƙera sulken. Mahaifin mamacin ne."

Sufeto ya je ya tsuguna gabansa, ya yi masa gaisuwa. "Baba, akwai abin da ya lalace a jikinsa?"

"Aikina ba ya lalacewa," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Rabona da taɓa shi an fi wata."

Kafin la'asar manyan gidan talabijin sun yi magana da Oga, shugaban ofishin 'yan sandan, Oga kuwa ba ya son magana mai tsawo. Aka kai matar bayan kanta. Oga ya ce ranar Alhamis da safe za a gurfanar da ita, sakaci ne da ya jawo asarar rai. Macen da ke da jaririya 'yar wata biyar, wadda ko gawar mijinta ba a bari ta raka ba.

Washegari Sufeto ya sa aka fito da ita. Yayarta ta kawo mata jaririyar, Ummi, ta karɓa tana shayar da ita a kan bencin ofis.

"An ce kina latsa waya."

"Yallabai, ba a shiga zauren da waya. A ƙofa ake karɓewa. Tambayi mai gadi, tawa na nan a akwatinsa."

"Fitilar fa?"

"Ba ta kama ba. Wallahi ba ta kama ba. Shekara shida ina kallon fitilar nan, ko ƙifta ido ba na son yi. Jiya an matsar da ni baya, wai kyamara za ta zagaya, ga hayaƙi, amma ja ai ja ne. Da ta kama da na gani."

"Ba ki ji yana bugu ba?"

Hawaye na ɗiga a kan zanen goyon. "Na ji. Kowa ya ji. Jiya ne ake ɗaukar mutuwar Sarkin. An rubuta zai yi ta jijjiga yana dukan ƙarfe. Har na ce a raina, yau Baban Ummi ya dage."

Sajan ya daina rubutu, ya kalli bango.

"Me ya haɗa ku faɗa da safe?"

"Cewa na yi ya je ya gai da Baba. Wata biyu ba sa magana. Ya gaya wa Baba in an gama shirin nan ya bar shiga gwangwani, yana son 'yarsa ta ga fuskarsa a talabijin ko sau ɗaya. Kalmar gwangwanin nan ce Baba ya riƙe. Su haɗu a ƙofa, kowa ya kau da kai."

Mai gadi ya tabbatar, wayarta na cikin akwatinsa tun ƙarfe takwas na safiyar Talata. Ƙaryar Darakta ta farko ke nan.

Sufeto ya wuce ɗakin tace hoto, ya ce a kunna masa duk abin da aka ɗauka. Darakta ya fara kame-kame, wai sai an nemi izini daga sama. Sufeto ya jawo kujera ya zauna, ya ce shi ba ya sauri.

Aka kunna. Hayaƙi ya turnuƙe, Sarkin Taurari na tangaɗi, sojojin duniya na harbinsa da haske. Aka yanke, aka sake. Aka kuma sakewa. Agogon da ke gefen hoton na ta tafiya. A ɗauka ta shida dukan ya canza, ya zama da sauri, ba tsari, har sulken na girgiza. Ana jin muryar Darakta a bayan kyamara: "Yauwa, haka nake so. Kar a yanke." Dukan ya yi ta raguwa, ya koma ɗaya-ɗaya, ya tsaya. Sai aka ji tafi.

Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma bai taɓa ganin an tafa wa mutum yana mutuwa ba.

"Awa ɗaya da minti arba'in," ya ce. "Kai ka ce ashirin."

"Ranka ya daɗe, cire kan da mayarwa rabin awa ne. Kullum haka muke yi, yakan yi awa biyu ma lafiya lau, akwai ramukan iska a ƙasa ta baya. In ya gaji ya taka feda."

"Mai da hoton baya. Inda kyamara ta zagaya."

Bayan sulken ya fito a allo, sumul, yana ƙyalli.

"Ina ramukan?"

Darakta ya matso da fuskarsa.

"Kun saba ɗaukar bayansa?"

"Ba mu taɓa ba sai jiya. Shekara tara ta gaba muke ɗauka." Ya haɗiye yawu. "Ranar Litinin na gaya wa Baba, na ce gobe duniya za ta ga bayan aikinka. Wasa nake yi masa. Na ce Allah ya sa kar a yi mana dariya."

Suka koma zauren. Sufeto ya sa aka sauke kan, Sajan ya cire takalmi ya dunƙule ya shiga da ƙyar.

"Taka fedar."

"Na taka, yallabai."

Babu abin da ya kama. Sufeto ya durƙusa a baya yana bin ƙusoshin da yatsa, har ya ji ɗaya da ɗumi. Ya kankare ta da makullin mota. Ja ya bayyana a ƙarƙashin fentin, yana ci. Ya gangara ƙasa ya danna makullin, ya nutse cikin abu mai taushi, irin ƙullun da masu gyaran jikin mota ke cike rami da shi. Ya ƙirga wuri goma sha biyu.

"Yallabai, a fito da ni," in ji Sajan. "Ko ba kan ma numfashi na yi mini wuya."

Maƙerar na bayan ginin, rumfar kwano ce cike da guntayen jiragen sama na ƙarya da bindigogin katako. Baba Maƙeri na zaune a ƙofa, ba ya aikin komai. Sufeto ya yi sallama, ya ajiye ɗan dunƙulen ƙullun a kan teburinsa.

"Baba, ka ce rabonka da sulken an fi wata."

"Haka na ce."

"Wannan bai gama bushewa ba."

Tsohon ya kalli ƙullun ya daɗe.

"Gobe da safe za a kai surukarka kotu," in ji Sufeto. "Jikarka a kan bencinmu take shan nono. Ni ba zan yi maka tsawa ba, ka haife ni. Amma ka gaya mini."

"Minti biyar aka rubuta," tsohon ya ce a hankali. "Na karanta takardar da idona. Mutuwar Sarki, minti biyar. Na ce minti biyar ba ta kashe mutum."

"Ka san yadda suke maimaitawa."

"Na sani." Ya share fuska da tafin hannu. "Gaban sulken nan wata huɗu na yi ina bugunsa. Bayan kuwa ramuka ne kawai na huda da ƙusa, kamar murhun gasa masara, don ba mai gani. Sai aka ce za a nuna. Mutanen da suka ɗauka daga wata duniya ya zo za su ga aikin ɗan tsoho mai guduma. Da yammar Litinin na cike su, na shafa fenti. Fitilar ma ban lura na bi ta kanta ba, sai jiya da na ga surukata na rantsuwa."

"Me ya hana ka gaya masa?"

Nan ne muryar ta karye. "Na zo in gaya masa. Da safe na same shi yana ɗaure takalmi, na tsaya a kansa. Jira nake ya ce Baba ina kwana, in ce masa in ka ji ba daɗi ka yi magana da wuri, na toshe ramukan. Bai ɗago ba. Na ce ni zan fara yi wa ɗan da na haifa magana? Na wuce."

"Kana zauren lokacin da yake bugu?"

"Ina nan. Na san dukan wasa, na san wanda ba na wasa ba. Na miƙe, sai na ji an ce kar a yanke, ga manya a tsaye. Na ce bari a gama wannan ɗaukar." Ya miƙo hannuwansa biyu. "Ni na kashe shi. Na kuma bar baiwar Allah ta kwana a wurinku saboda na kasa buɗe baki."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya ce Darakta ma ya biyo su, amma kafin su kai mota lauyan gidan talabijin ya iso da jakarsa, ya ce wanda yake karewa zai zo da kansa idan an aiko a rubuce. Sufeto ya san irin wannan zuwan. A bakin ƙofa ma ya ji ma'aikata biyu na gardama ko za a nuna ɗauka ta shida, tunda ta fi kyau.

Da suka isa ofis ya sa hannu a takardar sakinta. Aka buɗe, ta fito tana gyara mayafi, idanunta sun kumbura. Tana ganin tsohon a gaban kantar ofishin sai ta zube ƙasa.

"Baba, ka zo belina? Na san ba za ka bar ni ba. Wallahi Baba fitilar ba ta kama ba."

"Na sani, 'yata," ya ce. "Tashi ki ɗauki yarinyar ki tafi gida."

"To mu tafi tare."

Tsohon ya cire hularsa ya ajiye a kan kantar, ya cire agogo, ya zare takalmansa. Tana durƙushe tana kallo, ta kalli Sufeto, Sufeto ya sunkuyar da kai kan takardunsa. Sajan ya kama hannun tsohon a hankali, ya shigar da shi ɗakin da ta fito, ya ja ƙofar.