Dutsen da Bai Kai Ruwa Ba

Yazidu, ɗalibin kimiyya, ya taɓe baki da makiyayan Azagor suka ce ba a jefa dutse a rijiya bayan magariba.

"Jahilci dai," in ji shi. Ai ordinatarsa, wato kwamfuta, ta riga ta lissafa faɗuwar dutsen daki-daki, har da yadda iska ke rage masa gudu. Saura gwaji.

Da suka watse bayan magariba, ya saki dutsen cikin rijiyar, ya kasa kunne. Lokacin ƙarar ruwa ya wuce, shiru. Sai warin laka.

"Malamin lissafi," in ji wata tsohuwa a bayansa, muryarta na amo kamar daga ƙasan rami. Ta miƙo masa dutsen, jiƙe da jini. "Injin naka bai lissafa da kan jikana ba?"