Ƙarfen da Abba Ya Ɗaga

"Kai ka ba shi ƙarfen nan ko ba kai ba ne?!"

Na faɗa da tsawa. Muna tsaye a bakin ɗakin gaggawa na asibiti, Abba yana ciki an manna masa wayoyi a ƙirji. Koci, saurayin da aka sa mana rana da shi, ya dube ni kamar na mare shi.

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan! A ƙasa na tsince shi, gumi ya jiƙa masa riga, ga ƙarfenka na motsa jiki yashe a gefensa!"

"Jakata na manta a falonku jiya. Wallahi ban..."

"In wani abu ya sami Abba, ka manta ka taɓa sanina!"

Ya jingina da bango, idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

Abba tela ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa zaune a kan keken ɗinki. Tun da ciwon zuciya ya kayar da shi bara, likita ta ce ya riƙa tafiya kullum, shi kuwa ko ƙofar gida ba ya son takawa. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gabansa bayan rasuwar Umma. Tsoron in tafi in bar shi a kujera ya sa nake ta ɗaga bikinmu. Koci, da yake horar da mutane a gidan motsa jiki, bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Ƙofa ta buɗe, likita ta fito.

"Ya farfaɗo," in ji likita. "Ku biyun yake nema."

Na ruga ciki na kama hannun Abba, sanyi ƙalau.

"Auta..." Da ƙyar muryar ke fita. "Har nan nake jin faɗanki. Ki bar yaron nan, ni na buɗe jakarsa."

"Abba! Don me?"

"Na ji ki a waya kina cewa a sake ɗaga biki. Na ce bari in yi ƙarfi da wuri, ki ga na warke, ki tafi ɗakinki. Tafiyar nan da ake ta faɗa, yaushe za ta ba mutum ƙarfi?"

Kuka ya ƙwace mini. Koci ya durƙusa a gefen gadon.

"Baba, motsa jiki iri biyu ne. Akwai wanda yake tafiya da numfashi, kamar tattaki, tuƙa keke, iyo. Mutum yana yi yana hira. Shi ne abincin zuciya, shi yake saukar da hawan jini."

"Ɗayan fa?" in ji Abba.

"Na yunƙuri. Ɗaga ƙarfe, gudun tsere... Ɗan lokaci ne, tsoka ta ƙone ƙarfinta kafin iska ta iso mata. Yana gina tsoka da ƙashi. Amma in mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura, nan take jini zai hau."

"Gaskiya ya faɗa," likita ta ce, fuskarta ba wasa. "Yau Allah ya taƙaita. Ƙarfen ma za ku ɗaga, amma ƙarami, bayan kun saba da tafiya, kuma sai na yarda."

Abba ya yi ɗan murmushi. "Wato da furfurata za a sake koya mini tatata?"

"Sannu ba ta hana zuwa, Baba. Kullum da safe zan zo mu taka tare, ko zuwa ƙarshen layi ne."

"Zan yi, amma da sharaɗi. Ba a ƙara taɓa ranar bikin nan."

"Abba, wa zai kula da..."

"Auta! Ban haife ki don ki tsufa kina gadina ba."

Da muka fito, Koci ya wuce gaba bai waiwaye ni ba. Na bi shi da sauri har bakin matakala.

"Nurina... ka yafe mini."

Ya tsaya, amma bai juyo ba.

"Kin yarda zan iya cutar da shi. Wannan ce ta yi mini ciwo."

"Tsoro ne. Shi kaɗai ya rage mini..."

Sai a lokacin ya juyo, na ga hawaye kwance a idonsa.

"Shi kaɗai? Ni fa?"

Na rufe fuskata da mayafi ina shessheƙa. Ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙo mini hankicinsa.

"Share hawayenki, kada Baba ya gani jininsa ya sake hawa. Kuma ki nemi takalmi mara tsini, tattakin nan har da ke, amarya."