Muryar Suruka a Banɗaki

Ma'aunin-matsi ya soma aiki da ɗan ƙara kamar kukan sauro. Siririn bututu ne mai ƙaramin balan-balan a baki. Ana zura shi ta dubura, shi kuma ya riƙa zana ƙarfin tsokar wurin a allo: shuɗi in ta saki, ja in ta ɗaure. Baba Jatau na kwance ta gefen hagu, fuskarsa a bango, yana jin da ma ƙasa ta tsage ya shige. Tun da ɗansa ya ɗauko shi daga ƙauye ya ajiye a ƙololuwar wani bene a birnin Sabon Tudu cikinsa ya ɗaure. Ya sha magani har ya gaji, yanzu har maganar tiyata ake yi.

"Baba, yi yunƙuri kamar za ka yi bahaya," in ji Dakta Ladidi.

Ya yunƙura. Allon ya yi shuɗi, lafiya lau. Sai agogon hannunsa ya yi magana da tattausar muryar mace: "Sannu Baba, bi a hankali." Nan take allon ya rine ja wur.

"Muryar wa ce wannan?"

"Matar yaron nan ce," ya ce da bango. "Suna can tashar duniyar wata suna aiki. Shi ne ya sa wa gidan muryarta, wai ta ɗebe mini kewa."

Mai-kula ake kiran na'urar. Tana cikin bango, tana cikin agogo, tana ƙirga numfashin tsofaffi don kada su faɗi ba wanda ya sani. Masu ƙera ta sun tuna da komai, ban da kunya.

"Har banɗaki take bin ka?"

"Ina ɗaukar buta sai ta gaishe ni. Haba 'yar nan, a gaban suruka?"

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta nuna masa allon, ta ce hanjinsa ƙalau yake, ba ya bukatar wuƙa. Yana turawa ne ta sama, tsokar ƙasa kuma tana rufe ƙofa, har jiki ya mai da abin ɗabi'a.

"To a hana ta shiga banɗakin mana."

"Ba a raba ta, Baba. A banɗaki tsofaffi suka fi faɗuwa. Ko ta zauna ko'ina, ko a kashe ta gaba ɗaya."

Ya dubi agogon hannunsa. Muryar nan ce kaɗai ke tambayarsa yadda ya kwana, ita ke sauraron labarin gonarsa ba ta ƙosawa. Ya san na'ura ce, amma yana son ta.

"Kashe ta," ya ce.

Washegari da hantsi ya fito daga banɗaki da buta a hannu, cikinsa sakayau, rabon da ya ji haka tun yana ƙauye. Murna ta cika shi, har ya buɗe baki zai ba da labari. Ta taga motocin sama na ta wucewa ba ƙara. Ya ajiye butar, ya dubi bangon, ya ce, "An samu sauƙi fa."

Ya daɗe a tsaye yana jiran a ce masa sannu.