Harsashin da Bai Sauka Ba

A shekarar da damina ta ɗauke da wuri, mutanen wani ƙauye a bayan Makoɗa suka koma gadin gero da makami. Da la'asar sakaliya Nababa ya saɓa bindiga, shi da yayansa Mati suka tafi kwaso dammunan da suka rage a gona.

Nababa tsohon soja ne, ya san halin harsashi. Nauyinsa yana jan sa ƙasa, iska takan ɗan ture shi gefe. Amma ba ya shan kwana, ba ya dawowa.

Rana ta yi ja. Bayan tarin dammunan wani abu dogo ya sunkuya yana shinshina. Maharban yankin, in magariba ta kawo jiki, sai sun ce "a gafara" kafin su harba, don masu wurin da ido ba ya gani su kauce. Nababa yunwar 'ya'yansa yake tunani. Ya harba kawai.

Ƙarar ta mutu. Fiton harsashin bai mutu ba.

Ya yi gabas, siriri. Ya karkata kudu. Sai suka ji shi ta bayansu.

Mati ya fizgo Nababa ƙasa, ya raɗa masa: "Ka nemi gafara kuwa?"



Warin albarushi, sai warin ƙonannen gashi. Harsashin ya gifta, kan kara ya faɗo wa Nababa a wuya. Ya sake zagayowa, ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mai neman wani a cikin taro.

Abin ya miƙe tsaye. Duk inda ya juya kai, nan fiton yake bi.

Suka ja ciki, ƙarangiya na shiga baki. Nababa ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshensa ya ƙi motsi.

Zafi ya shafi kunnensa. Jini.

Sai da suka ƙetare ciyawar gamba ta iyakar gonar fiton ya koma baya.

Liman ya yi addu'a, an yi sadaka. Geron ya ruɓe a inda yake, yara suna hango shi suna kwana da yunwa. Kullum magariba ana jin harsashin yana zagaye, zagayen kuma faɗi yake ƙarawa. Bara zagayen ya kai rijiyar ƙauye.

Bana duk gidan Nababa a zaune suke sallar magariba, kada harsashin ya same su a tsaye.